Tsugunon Cha'ibu a Dungu

Ni dai tun ranar da Cha'ibu ya dawo daga Abuja da gwangwanin wani garin jiƙawa a sha na san sai mun yi rigima. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, don haka duk abin da na faɗa masa ya zauna, ko a gaban liman ne. Sunana Rabi, ina da teburin kayan marmari a bakin tashar Matameye: ayaba, kankana, gwaiba, rake, da lemo in ya samu. To mutumin da ya tashi yana satar mini gwaiba a tire, wai shi ne ya tsaya a gaban teburina yana taɓe baki, yana cewa kayan marmari ba abincin ɗan tsere ba ne.

Gadi yake yi a Abuja duk rani, a wata unguwa da masu hali ke fitowa ran Asabar su yi ta zagaye a kan kekuna don nishaɗi. Ɗaya daga cikinsu ya ba shi tsohon kekensa, siriri mai lanƙwasasshen ƙaho, ya haɗa masa da riga da gajeren wando masu kama jiki. Shi ke nan Cha'ibu ya kamu. Magidanci da ƴaƴa huɗu, furfura ta fara leƙowa a gemu, amma in ka ga yadda yake goge keken nan da tsumma sai ka rantse amarya aka kawo masa. Ina yi masa tsiya, amma gaskiya ita ce ban taɓa ganin abin da ya faranta masa rai kamar keken nan ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe wa wasu ƙofa yana rufewa. In ya hau keke kuwa har fuskarsa canzawa take.

Ƙungiyar masu keke ta garinmu, wadda malamin lakkol, wato makarantar boko, da muke ce wa Mushe Nura yake shugabanta, tana shirya tsere duk shekara bayan girbi, kafin ƴan ci-rani su watse. A tashi daga Matameye, a bi kwalta zuwa Kance, a sauka burji a zaga ta Icirnawa, a faɗo Dungu, a dawo gida. A bayan kowa akwai a-kori-kurar Isma'ila, tana tafe a hankali tana kwasar waɗanda suka gaza. Dokar mai sauƙi ce: ba a karɓar ci ko sha daga mota, wanda kuma aka ɗora a cikinta ya fita daga tsere.

Sau biyu Cha'ibu yana shiga, sau biyu yana dawowa a bayan motar Isma'ila, ko Dungu bai taɓa kaiwa ba. Na bara ya fi muni, don sai da aka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Matarsa Hafsatu ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce ita ba za ta zauna tana jira wata rana a kawo mata gawa da gajeren wando ba. Gwaggo, wato uwarsa, ta goya mata baya. A gabansu su biyu ya ɗauki alkawari: bana in ya sake dawowa a mota, zai sayar da keken, ba zai ƙara hawa tsere ba. Cha'ibu kuwa duk shirmensa ba ya saɓa alkawarin da ya yi a gaban uwarsa.

Shi ya sa ya dawo da garin nan. A ƴan ƙananan ledoji yake, jere a gwangwani. In ya zuba a gorar ruwa ya girgiza sai ya koma shuɗi, irin ruwan bular da muke sa wa fararen kaya. Ranar na raɗa masa suna ruwan bula, kafin la'asar sunan ya zaga tasha. Ya ba ni na ɗanɗana. Zaƙi-zaƙi, gishiri-gishiri, ga wani ƙamshi na maganin tari. Na ce masa in dai wannan ne, da ya zo na jiƙa masa sukari da gishiri kyauta, in ƙara masa bula ta gaske. Ya ce ni ban san komai ba a wannan fannin, an auna duk abin da ke ciki, nan da nan yake shiga jini, ba ya zama a ciki ya yi wa mutum nauyi. Na ce kakanninsa da suka yi ta zuwa Kano a ƙafa da dabino suka je. Ya ce su ba tsere suke yi ba.

Don in rufe masa baki, wata safiya da zai fita gwaji na cika masa tire da gwaiba na ce ya ci ya gani. Ya zauna ya tashi da rabinta, ya hau keke. An ce tsakanin nan da Kance babu kalgon da bai ziyarta ba. Ya dawo yana riƙe da ciki yana zagina, ya kuma samu abin faɗa a kaina har yau. Ni dai cewa na yi ya ci, ban ce ya yi kamar an sako shi daga gidan kaso ba. Gwaibata ba ta da laifi.

Mushe Nura ya so ya raba mu. Ya ce jikin mai dogon tsere abu uku yake nema, ruwa da zaƙi da ɗan gishiri, kuma ba ya tambayar daga ina suka fito. Ayaba tana riƙe mutum amma gishirinta bai taka kara ya karya ba, ruwan Cha'ibu yana da gishiri amma in ya ƙare a hanya ya ƙare. Mai hankali, in ji shi, haɗawa yake. Muka gode masa ƙwarai, ya juya baya muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Sai daga baya na gane abin da ya sa Cha'ibu ya kafe haka. Bana an sa wurin ba masu tsere abinci a Dungu, a gindin mangwaron da ke bakin garkar Alhaji Yunus, don shi ya ce zai ba da ayaba da kankana sadaka. Alhaji Yunus kuwa shi ne mahaifin Hafsatu. Na san shi sarai, a garkarsa nake sarin kaya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, in ya dube ka sai ka fara tuna laifin da ka yi. Tun da Cha'ibu ya auri ƴarsa, ko ruwa bai taɓa haɗiya a gabansa ba. Kowa yana jin kunyar surukai, amma ta Cha'ibu ta wuce misali: in sun je Dungu da Salla, a zaure yake yini da yunwa, sai an fito gari yake buɗe ƙunshin da Hajiya surukarsa ta ba su. Dabararsa ke nan ashe: ya sha ruwan bularsa a daji inda ba mai ganinsa, ya iso Dungu a ƙoshe, ya gaida mutane ya wuce.

Ranar tsere tasha ta cika tun hantsi bai yi ba. Samari suka yi ta sayen ayaba a teburina suna cusawa a aljihun bayan riga. Na ga na Cha'ibu ya fi na kowa kumbura, na ce a raina, a'a, bawan nawa ya tuba a ɓoye. Na lallaɓa na ja. Dogon wando ne da ƴar shara, a ninke. Ya fizge yana harara, ya ce ai ba zai shiga garin surukansa da cinya a waje ba. Aljihun da kowa ya sa abinci, shi tufafi ya sa.

Na bar wa maƙwabciyata Fati teburin, na ɗauko tabarma da matashi da mafici na shiga gaban motar Isma'ila. Na tabbatar Cha'ibu ya gan su. Na ce masa na share masa wuri mai kyau, kusa da taya ta safaya, kada ya damu. Ya tsotsi gorarsa ya tofar da shuɗin yawu. Wani jandarma ya wuce gaba a kan babur, aka busa usur, suka kwasa.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: har Kance ban ga ƙeyar Cha'ibu ba. Muna baya muna ɗaukar wanda sarƙarsa ta tsinke da wanda ya fara amai, shi kuwa yana can gaba cikin yaran da ya kusa haifa. Isma'ila ya yi ta tsokanata, wai ko in sauka in sayar da tabarmar tun tana da daraja. Na ce ya kula da tuƙinsa.

Da aka sauka burji rana ta buɗe sosai, irin zafin nan na bayan damina da ke dafa mutum cikin rigarsa. Nan muka fara kwasa da gaske. Na lura da wani abu: duk wanda muka ɗora, in ya buɗe baki yana haki, sai in ga harshensa shuɗi. Na farko na yi shiru, na biyu na yi shiru, na uku na kama kunnensa na tambaye shi. Ashe yaran nan da suka fi kowa kiran ruwan bula a tasha, ruwansu na ƙarewa sai su matso kusa da Cha'ibu su miƙa hannu. Shi kuma ya za a yi ya hana mutum ruwa a tsakiyar rana? Ya yi ta miƙawa har gorunan nasa biyu suka ƙare. A famfon Icirnawa ya kamata ya tsaya ya cika, amma ya tarar da layi, ga shi karon farko a rayuwarsa yana gaban mutane. Daɗin gaba ya ɗebe shi ya wuce.

Ba mu yi nisa da Icirnawa ba muka cim masa. Shi ne na ƙarshe. Keken yana tafiya yana lilo, kansa a sunkuye, gishirin gumi ya yi fari a bayan rigarsa. Na leƙa ta taga na tambaye shi ko in kaɗe tabarmar. Ko juyowa bai yi ba. Daga nan na daina magana, don na ga abin ya wuce wasa. Haka muka bi shi, motar tana kuka a giya ɗaya, har rufin kwanon Dungu ya fara ƙyalli.

Kafin shiga gari ya tsaya a bayan wani gawo. Na zaci faɗuwa zai yi. Ina! Wando ya zaro ya sa, ya zura ƴar shara, ya cire hular kwanon ya rataye a ƙaho. Sannan ya kama keken ya tura a ƙafa, don ba a wuce surukai a kan abin hawa.

A gindin mangwaro sauran masu tsere sun riga sun ci sun wuce, ɓawon ayaba da na kankana ko'ina. Amma mutanen gari suna nan. Alhaji Yunus yana zaune a kujerarsa da carbi, ƙannensa a tabarma, ga yayansa Malam Muntaka wanda idonsa ya tafi da daɗewa. A gefe Hajiya Maryama, uwar Hafsatu, tana tsaye a kan farantai da matan gida. A Dungu kuwa duk wanda ka ɗaga ido ka gani, in ba kawun Hafsatu ba ne to gwaggonta ce.

Cha'ibu ya jingine keken tun daga nesa, ya tuɓe takalma, ya tako a hankali ya tsuguna. Ya gaida Alhaji, ya gaida Malam, ya bi ƙannen ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya gaida Hajiya kansa a ƙasa. Hajiya ba ta dube shi ba, ita ma kunyar ce, sai ta faɗa wa iska cewa a ce wa baƙo ya taɓa kankana, da sanyinta.

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake," in ji Cha'ibu.

A ƙoshe! Mutumin da leɓensa ya bushe ya yi fari kamar an shafa masa toka. Na ce a raina, to tashi ka tafi mana, ko ayaba biyu ka karɓa ka ci a bayan gari. Gaisuwa ta ƙare, kowa yana jira ya miƙe. Sai ya sake ɗaukowa daga farko. Ina gajiya, ya aka ji da jama'a, ya rake bana, ya jikin Malam. Aka amsa. Ya sake komawa: ya tumaki, ya rijiyar garka, ya mutanen ƙauye. Har jakin Alhaji ya tambaya, wanda ya mutu tun kafin azumi. Dattawa suka fara gyaɗa kai suna cewa kai, yaron nan akwai ladabi, irinsu sun yi ƙaranci a zamanin nan.

Ni da na san shi tun yana yawo ba wando, na san ladabinsa bai kai nan ba. Na sauko daga mota na yi kamar ina tattara ɓawo, na matsa kusa da shi. Sai na ga ƙwaurinsa yana rawa a cikin wando, yatsun ƙafarsa sun dunƙule sun kama ƙasa. Na yi ƙasa da murya na ce ya tashi mana, rana tana yi.

"Rabi," ya ce, bai ɗago ba, "ƙafar ta ƙi."

Jijiyoyin ne suka ɗaure. Mutum ya yi rabin yini yana taka keke ba ruwa ba abinci, sannan ya zo ya naɗe ƙafafun ya zauna a kansu, me ake jira? Dariyar da na taho da ita tun daga Matameye ta gushe nan take. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya, don irin fuskar da ya yi bara ke nan kafin a kai shi asibiti.

Isma'ila ya zo ya tsaya a bayana, ya gane abin da ake ciki. Ya raɗa mini cewa bari ya kira mutum biyu su ɗaga shi cak su sa a mota, a huta. Na ce masa in ya taɓa shi, shi da shan rake a teburina har abada. Na koma kan Cha'ibu na ce ga kankana nan taku biyu, ga ruwa a randa, ya ci ya sha ƙafar za ta saki, in ba haka ba keke ya tafi ke nan.

"A gabansu? Gara a ɗauke ni."

Wallahi na ji haushi. Haushinsa, haushin Dungu, haushin wanda ya ce a sa abinci a nan. Ga mutum, ga abin da zai tashe shi, tsakaninsu ba komai sai idon surukai. Kuma ba dama in buɗe baki in ce Alhaji, surukinka yunwa ce ta kayar da shi, don wannan ya fi ɗaukarsa a mota muni, ba zai ƙara iya taka garin ba. Na tsaya da ɓawon kankana a hannu kamar sakarya. Na saci kallon Alhaji. Carbinsa ya tsaya, idonsa yana kan yatsun ƙafar Cha'ibu.

Can sai ya yi gyaran murya ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Tun safe hankalina bai kwanta da raken can ƙasa ba," ya ce. "Ku taso mu duba, ko shanu sun shiga."

Wani ƙanensa ya ce ai yanzu ya fito daga can, ko akuya babu. Alhaji ya dube shi. Mutumin ya sosa ƙeya ya ce to, gaskiya bai duba ta wajen gabas ba. Suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa, ba wanda ya kalli inda Cha'ibu yake. Malam Muntaka ya ce shi da ba ya gani me zai je ya duba? Alhaji ya kama hannunsa ya ce ai shi ya fi su jin motsi. Tsohon ya yi ɗan murmushi ya bi.

Hajiya Maryama kuwa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta, tukunyar da sai duk matan gidan sun taru za a iya sauke ta. Kafin ta tafi ta ɗauki farantin kankana da nonon ayaba ta ajiye a ƙasa, fuskarta a wani gefen, kamar dai nan ne ma'ajiyarsu tun asali. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye ƙullin gishiri a kai. Ta kora yara gaba. Kafin ka ce me, gindin mangwaro ya zama ba kowa sai mu da kaji.

Cha'ibu ya bi su da ido har rigar Alhaji ta ɓace cikin rake. Sannan ya faɗi zaune, ya kai hannu.

Na sha ganin mayunwata a tasha, amma ban taɓa ganin ci irin wannan ba. Na barbaɗa gishiri a kankana ina miƙa masa, ruwan yana bin gemunsa yana sauka a ƴar shara. Isma'ila ya miƙar masa da ƙafafun yana danna yatsun baya, shi kuma yana cije baki kada ya yi ƙara a ji a garka. Yana cikin ayaba ta uku ya laluba ƙugunsa ya zaro ledar garinsa guda, ta ƙarshe, wadda ya rasa ruwan jiƙawa tun Icirnawa. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ni Rabi, da hannuna na ɗebo ruwa a randa na haɗa ruwan bula, har da girgizawa. Na ce masa in ya faɗa wa wani a tasha sai na ƙaryata.

A hankali fuskarsa ta dawo, gumi ya sake tsattsafowa. Ya motsa ƙafa ɗaya, ya motsa ɗayar, ya dafa mangwaro ya miƙe. Abu na farko da ya roƙe ni shi ne in gauraya ɓawonsa da na sauran, kada a dawo a ƙirga. Na gauraya. Ya cika gorunansa, ya cusa ayaba biyu a aljihu, ya fuskanci garka ya ɗaga murya kaɗan ya ce sun wuce, Allah ya saka da alheri. Daga can cikin rake aka yi tari.

Sai da ya tura keken ya fita gari sannan ya hau. Bai ko tsaya cire wandon ba, cusa bakinsa ya yi a safa. Tafiyar ba ta sauri ba ce, jaki mai kaya zai iya jerawa da shi, amma keken ya daina lilo. Na leƙa na ce masa ya ga aikin kankana. Ya ɗaga shuɗiyar gorar sama ya girgiza. Na ce kafin ya sha wannan ai ya riga ya miƙe. Ya ce ƙarya nake, a zaune ya sha. Isma'ila ya ce don Allah mu bari a isa. Masu shuɗin harshen da ke bayan mota, waɗanda da farko suke gunagunin an shanya su a rana, suka koma buga jikin mota suna kiran sunansa duk lokacin da hanya ta yi tudu.

Bayan la'asar muka shigo Matameye. An daɗe da raba kyaututtuka, manyan baƙi sun tafi, ana loda kujeru a amalanke. Layin da aka ja da toka a kan kwalta duk an tattake shi. Mushe Nura ne kawai ya rage, don ba ya tafiya sai ya ga motar Isma'ila. Da ya hango keke a gaban motar, ba a cikinta ba, sai ya ruga wurin mai tsire ya ɗebo toka a kwali ya sake jan layin. Cha'ibu ya haye shi da dogon wando da ƴar shara mai jirwayen kankana, ƴan tasha suna tafi suna dariya.

A bencin teburina ya zube. Hafsatu tana wurin, wai lemo ta zo saya, Fati ta ce tun azahar take zaɓen lemon. Ta ja hijabi ta goge ido, ta karɓi wuƙata ta yanka kankana ta miƙa masa, Mushe Nura yana cewa ya ci ya sha yanzu, kada ya jira sai dare. Ya kwanta rigingine yana ci, ƙafafun sun miƙe sun sandare. Ya kira ni da ido, na sunkuya.

"Kina ganin ya gane?"

Na ce, wa? Alhaji? Mutumin da shanu suka dame shi, ina ya ga ta kallonka. Ya yi ajiyar zuciya ya lumshe ido.

Sai wayata ta yi ƙara. Na duba, na ga sunan Alhaji Yunus. Tun da nake sari a garkarsa ni nake kiransa, bai taɓa kirana ba. Na ɗauka na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Wayar tawa irin mai ƙarar nan ce, duk wanda ke kusa yana ji.

"Rabi, baƙon namu ya isa?"

"Ya isa, Alhaji. A kan kekensa."

Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi.

"Ki gaya wa Hafsatu, keken nan a bar masa abinsa."

Hafsatu ta toshe baki da hijabi. Na juya in ga yadda Cha'ibu ya ji, sai na tarar babu shi a kan benci. Mutumin da yanzun nan ko yatsa ba ya iya motsawa ya sulale ƙasa, ya dafa ƙafar tebur ya tsuguna, kansa a sunkuye, hawaye yana bin gemunsa. Kankanar kuwa ya ɓoye ta a bayansa har Alhaji ya kashe wayar.